Aron Lantana da Kwanonta

Jama'a, sannunku da jimirin karatu. Wata baiwar Allah a cikinku ta rubuto mini cewa namiji mai tumbi da furfura ba shi da abin da zai koya wa duniya a kan soyayya. Ban musa ba. Sau uku na taɓa zuwa zance a rayuwata, biyu daga ciki da kakar yarinyar na yi hirar. Shi ya sa ban kawo muku nawa ba, na ɗauko na goggona Lantana, wadda ta ba ni shi da bakinta bisa sharaɗin kada in gaya wa kowa. Na duba na ga ku ba kowa ba ne, 'yan uwa ne.

Wanda yau ya shigo, ga inda muke. Shekarar 1976 ce, a Magama, dab da shingen kwastan na Jibiya, zamanin da kuɗin man fetur ya sa kowa ke gini, har wanda ba shi da abin sawa a ɗakin. Goggo tana da shekara goma sha tara. Mai nemanta Rabe ne, direban gingimari da ke jigila tsakanin Katsina da Maraɗi. Shekara guda cur yana zuwa zance: duk ranar da layin motoci ya tsaya a shinge, sai ya bar tasa ya tako gidansu bayan La'asar. Rannan sai ya zuba gingimarin, da siminti da komai, cikin gonar geron wani bawan Allah a wajen Bugaje. Kwana huɗu bai runtsa ba. Da aka ciro shi, rantsuwa yake yi raƙuma ne suka tare hanya. Aka duba, ko kashin raƙumi babu. A nan asiri ya tonu: ƙwaya yake sha, irin wadda direbobi ke kira a-ji-garau, mai kore barci ta sa mutum ya ji duniya tasa ce. Mai motar ya kai shi asibiti a Katsina, hannun wani likitan ƙwaƙwalwa, Dakta Istifanus, da ke bincike a kan direbobi masu shan ta. Sati shida ke nan.

To ran Litinin kaset ya iso.

Tun da Rabe ya sayo mata rikoda daga Maraɗi, haka suke aike. Ya ɗauki maganarsa a hanya, ya ba wani direba ya ajiye a shagon babanta, Malam Ummaru tela. Kuma kaset ɗin Rabe ba a saurarensa a tsaye. Gaba da baya cike yake, ba wurin numfashi. Zai fara da gaisuwa, ya kwaikwayi muryar jandarman Nijar na shingen Ɗan Isa, ya gina mata bene mai hawa biyu da baki, ya raɗa wa 'ya'yansu bakwai suna, ya yi faɗa da na huɗun don ba ya jin magana. Lantana kan saurara har batir ya gaji, muryar ta riƙa ja kamar ta mai hamma.

Ta shige ɗaki ta saki labule. Ta hau gadon ƙarfe, ta jingina da filo mai ɗinkin tsuntsaye biyu, ta ɗora rikodar a cinya ta danna.

Shuuuu. Zakara ya yi cara daga nesa. Wani ya yi tari.

"Lantana."

Shiru. Ta matso da kunne.

"Ina gaisuwa."

Shiru kuma, mai tsawo, har ta ɗaga rikodar ta girgiza.

"Likita ya ce ina samun sauƙi." Aka ja numfashi. "To."

Ƙas. Shi ke nan. Ta juya bayan kaset ɗin, babu ko zakaran. Ta canza batir, ta sake sawa. Sabon batir bai ƙara wa Rabe ko kalma ɗaya ba.

Inna Tsahara, mahaifiyarta, ta ɗaga labule da muciya a hannu. "Mi ya ce?"

"Ya ce to."

"Madalla. Namiji ke nan. Da can ai ba mutum kika samu ba, rediyo kika samu."

Ga inda gizo ke saƙar. Duk shekarar da Rabe ya yi yana zuwa, Malam Ummaru bai so shi ba. Yakan ce mutumin da ba ya bari a gama amsa sallama ba zai bari a gama yi masa nasiha ba. Amma da ya je duba shi a asibiti, sai ya dawo fuska kamar gonar auduga. "Yaron ya natsu," in ji shi. "Awa guda na yi ina magana gabanshi, bai katse ni ba ko sau guda. Ya yi kuskure, ya amsa, shina shan magani. Mi anka rasa?" A nan take ya aika wa baffannin Rabe su zo Juma'a ta sama a sa rana.

Wato gidan duka ya kamu da son Rabe daidai lokacin da mai auren ta daina gane shi. Kwana goma sha ɗaya suka rage mata, kuma ba ta san wanda za a sa mata rana da shi ba.

Washegari da hantsi farar Fijo ta tsaya a ƙofar gida. Kafin ƙura ta lafa, matan maƙwabta huɗu sun tuna suna da aron garwashi. Sista Jummai ce ta fara fitowa, nas ɗin da ke aiki tare da likitan, 'yar Kagoro. Ta yi shekara biyu a ɗakin shan magani na Jibiya, Malam Ummaru ke ɗinka mata fararen kaya, a nan suka ƙulla ƙawance da Lantana. Bayanta wani dogo mai tabarau da kwat, yana ta share gumi. Dakta Istifanus ke nan.

Aka shimfiɗa musu tabarma a zaure. Lantana da Inna suka laɓe bayan ƙofa, kowacce na yi wa 'yar uwarta alamar ta koma ciki.

"Baba," in ji likita bayan gaisuwa, "bari in yi maka da misalin mota, tunda maganar direba ne. A cikin kan mutum akwai waɗansu ƙananan kujeru. In abu mai daɗi ya faru, saƙon daɗin yana zuwa ya zauna a kai, sai mutum ya ji. Wannan ƙwaya, cika motar take yi har bisa. Maganin da muke ba Rabe yana rigan ta zama. In daɗin ƙwaya ya zo, ba kujera."

"Sai ta tsaya a tsaye," in ji Malam Ummaru.

"Sai ta sauka. Wannan ɗaya. Na biyu shi ne mai wuya. Kai ba ya mantuwa. Duk abin da ido ya gani ko hanci ya ji lokacin da mutum yake shan ƙwaya, kai yana ɗaure su tare. Mutum zai yi wata shida lafiya, ya ga abin nan, sai sha'awa ta tashi kamar jiya ya bari."

"Kamar jaki da ƙofar da anka taɓa ba shi dusa."

"Yauwa, Baba! Ka gama bayani. Abin da muke gwadawa, mu ba mutum magani, mu kawo masa abin nan ya gani, sau ɗaya, sau biyu, sau uku, daɗi bai zo ba, ko ƙullin zai kwance. Ba mu tabbata ba tukuna. Bincike ne." Ya gyara tabarau. "Direbobi goma sha biyu muke da su. Wani, warin gas ne nasa. Wani, kofin shayi. Wani, ƙarar ƙarfen shinge in an ɗaga. Rabe mun kawo masa gas a tsumma, ba komai. Mun kawo sitiyari, ba komai. Sai rannan wata mai shara ta wuce da kwanon sha mai jan fure. Gumi ya keto masa, zuciyarsa ta kama gudu, sai da muka riƙe shi."

Bayan ƙofa, Lantana ta waiga. Kwanonta na kife bisa randa. Fari, mai murfi, da jan fure.

"Ya gaya mana," likita ya sassauta murya, "duk ranar da ya zo zance, da ruwan da 'yarka ta kawo masa yake haɗiye ta. Wai in ba haka ba, bakinsa ba ya buɗewa a gabanta."

Lantana ta tuna. Kullum in ta durƙusa ta miƙa masa ruwa, sai ya juya fuska bango kafin ya sha. Ita ta ɗauka kunya ce, har ta yi wa ƙawayenta alfahari da shi. Kullum kuma yakan fara da shiru, ta ce gajiyar hanya ce, can sai ya ɗauka kamar inji ya yi zafi. Shekara guda tana ɗauraye kwanon nan da toka da hannunta.

"Wato," in ji Malam Ummaru a hankali, "ɗiyata ce cutar?"

"A'a, Baba. Ba ita ce cutar ba. Ita ce ƙofar."

"Lalle!" Inna ta manta a laɓe take. "An gama da jaki, an dawo kan ɗiyata da ƙofa?"

Jummai ta toshe baki da hankici. Likita ya share gumi, ya faɗi abin da ya kawo shi. "Aro muka zo. Kwanon, da tabarmar zance, da ita kanta. Sau uku kawai. Za mu dawo da su lafiya."

Ni dai a tarihin Magama na ji an ari turmi, an ari jaki, an ari rigar ango. Aron budurwa da kwanonta, a gidanmu aka fara. Malam Ummaru ya dubi allurar da ke soke a gaban rigarsa. Shi lissafinsa ɗaya: in ƙullin ya kwance kafin Juma'a, ya samu suruki mai saurare har abada. Ya yarda, bisa sharaɗin uwarta ta bi ta.

Ran Laraba aka ce ta yi shiga daidai yadda take yi ran zance, kada ta canza komai. Ta ɗaura atamfar nan shuɗiya mai zanen fanka, riga mai hannun balan-balan, ɗankwali ta turo shi gaban goshi. Kwalli, jan baki kaɗan, 'yan kunne masu lilo, takalmi mai tudun da ke sa ta tafiya kamar mai tsallaka ruwa. Sai turaren da Rabe ya sayo mata a kantin Faransawa a Maraɗi, ɗigo biyu a wuya. Tana gamawa ta dubi madubi, kunya ta rufe ta. Ita ce za ta je zance wurin namiji, a mota, da uwarta riƙe da tabarma.

Ɗakin asibitin warin maganin shara yake yi. An ture gadon ƙarfe gefe, an shimfiɗa tabarmarsu a kan siminti tsakanin sikeli da kwandon shara. Rabe na zaune a kai. Da ba a ce shi ne ba, da sai ta tambaya. An aske tarin sumar nan da yake taje wa da ƙarfe. Ya yi ƙiba. Fuskarsa kamar an bi ta da dutsen guga, ba layi ko ɗaya. An ɗaura masa abin awon jini a damtse, Jummai na riƙe da wuyan hannunsa tana duban agogo. Likita na gefe da takarda. Inna ta samu kujera ta zauna ta juya baya, wai ita ba ta nan.

"Yi kamar a gida," in ji likita.

Lantana ta ɗebi ruwa a bokitin asibiti, ta tako, ta durƙusa. "Sannu da zuwa," ta ce, duk da ita ce ta zo.

"Yauwa," in ji Rabe.

Ya karɓa. Bai juya bango ba. Ya sha kamar mai shan maganin tari, ya ajiye.

"Rabe," in ji likita, "daga babu zuwa goma, nawa kake jin sha'awar ƙwaya yanzu?"

Rabe ya yi tunani, kamar an tambaye shi nisan Agadas. "Babu."

"Sista?"

"Bugun zuciya saba'in da biyu. Bai motsa ba."

"Madalla!" Likita ya buga takarda a cinya. "Madalla! Kin gani? Ya gan ki, ya ji turarenki, ya sha ruwanki, ko gezau!"

Ya faɗa yana murna, yana jiran ita ma ta yi. Lantana tana durƙushe. Ta san ya kamata ta ce alhamdu lillahi. Ta buɗe baki da niyyar faɗar haka, sai wani abu dabam ya fito.

"To ni hwa? Daga babu zuwa goma?"

Inna ta yi gyaran murya daga inda ba ta nan.

Rabe ya ɗago ya dube ta. Ba ƙiyayya a idon, ba kuma komai. Ya daɗe yana lalube a cikin kansa kamar mai neman makulli a aljihun da ya huje.

"Ban sani ba, Lantana," ya ce. "Wallahi da na sani da na hwaɗa maki."

Ta juya wajen likita. Shi kuwa, Allah ya ba shi lada, bai yi mata ƙarya ba. Ya cire tabarau ya goge. "Kujerun nan," ya ce, "ba na ƙwaya kaɗai ba ne. Daɗin abinci a nan yake zama. Daɗin kiɗa. Wataƙila har da wannan da kike tambaya. Maganin ba ya duba tikiti, kowa ya zo ya tarar an zauna."

"To in kun kwance ƙullin, ni ina ciki ko ina waje?"

"Shi ne ban sani ba. Ba mu sa wannan a takarda ba."

A baranda Jummai ta kama hannunta. "Ke, kin ci sa'a fa. Naki an auna miki da agogo. Mu sauran a makance muke shiga."

"Jummai, ki bar wasa. Wa na so shekara guda? In ƙwaya ce ke ba ni dariya, ƙwayar na so ke nan? In wanga na ciki shi ne Rabe, ban san shi ba. In wancan ne Rabe, an ce cuta ne, ana kashe shi, kuma ni anka aro in riƙe mashi ƙafa."

"Wancan ya kusa kashe kansa a gonar gero, Lantana."

"Na sani."

"To?"

"To ni ma to," in ji Lantana. "Gidanmu yanzu kowa to."

Aka sake ran Asabar, aka sake ran Litinin. Kullum babu, kullum saba'in da biyu. A zuwa na uku Inna har ta saba, ta tafi da ƙullin daddawa tana sayar wa masu jinya. Lantana kuwa kullum ta dawo sai ta sa tsohon kaset, ta ji jandarman Ɗan Isa, ta yi dariya, dariyar ta yanke a hanya. A da in ta ji shi, Rabe take gani. Yanzu sai ta riƙa jin yadda numfashinsa ke sarƙewa, yadda ba ya gama zance ya kama wani, yadda haƙoransa ke ɗan karo. Duk suna nan tun farko. Kunnenta ne bai nema ba.

Ran Litinin ɗin likita ya ce an gama. Zai tsayar da maganin, a sallami Rabe ran Alhamis ya je zance na gaskiya, a gidan gaskiya, ba agogo. "Wannan ne jarrabawar," ya ce. "In ya wuce, mun samu wani abu. In bai wuce ba, ku dawo mini da shi, kada ku yi masa faɗa."

Alhamis bayan La'asar aka yi sallama a zaure. Ba gingimari a layin shinge, a motar haya ya zo. Lantana ta tsaya gaban randa da kwano a hannu, ta kasa ɗiba.

"Mi kike jira?" in ji Inna.

"Inna, ko in tahi haka nan?"

"Baƙo ba ruwa? A gidan wa? So kike a yi da mu a kasuwa?"

"To in kai a moɗa."

"Likita ya ce kwanon. Ke kin fi likita?"

Ta ɗiba. Ta ɗora murfin, ta nufi zaure.

Yana zaune a kan tabarma, cikin farar riga da hula ƙube, gwiwoyi a haɗe. Fuskar ta dawo da layukanta. Tana shigowa ta ga idonsa ya sauka kan jan furen, ta ga maƙogwaronsa ya motsa. Ta durƙusa ta ajiye. Gumi ya tsattsafo masa a goshi, ya gangaro ta gefen kunne. Ya ɗora hannu biyu a gwiwa ya danne su.

Bai sha ba. Bai kuma yi magana ba.

A waje motoci na ta oda a shinge. Wani ɗan Maraɗi na rantsuwa da ƙarfi cewa duwan, 'yan kwastan Nijar, sun riga sun duba kayansa. Daga shago keken ɗinkin Malam Ummaru na tafiya, yana tsayawa, yana tafiya, kamar keken ma kunne yake kasawa. Lantana ta ƙirga zaren tabarma har ta ɓace, ta sake farawa.

"Wando," in ji Rabe.

"Na'am?"

"Wando na kawo ma Baba gyara. Ranar farko. Kika fito da tsintsiya." Ya haɗiye yawu. "Na dawo sau huɗu. Wandon lafiya lau, ni ke ɓalle maɓallin. Ban iya ce maki komi ba. Na biyar... na sha."

Ta daina ƙirga zaren tabarma.

"Da can don hanya nike sha. Daga ranar, don ke." Ya dubi bango. "In wancan Raben na ƙwaya shina magana, ina jin shi. Ina ciki ina saurare, kamar ke. In ya ba ki dariya, in ji haushi."

"Haushin wa?"

"Nashi. Kishinshi nike."

Ba ta san ko ta yi dariya ko ta yi kuka ba, sai ta gyara ɗankwali.

"Benen hwa?" ta ce. "Da 'ya'ya bakwai?"

"Nashi ne. Ni ɗaki biyu nike da su a Gangara, ɗaya na yoyo." Ya sake tattaro ƙarfi kamar mai tura mota. "Kuma turaren ga. Shi ya saye shi. Ni hawa kai yake mani."

"Shekara guda ina zuba shi don kai!"

"Na sani. Ki yi haƙuri."

Dariyar ta kuɓuce mata, gajeriya, ta hanci, ba irin ta da ba. Ya ɗago da sauri ya dube ta, kamar wanda ya jefa dutse a duhun rijiya ya ji ya taɓa ruwa. Gefen bakinsa ya ɗan motsa. Ba murmushin Rabe ba ne. Na wani ne da ba ta taɓa gani ba, kuma ba ta ce ya yi mata muni ba.

Sai ya cire hula. Daga cikin naɗin ya zaro 'yar takarda a murɗe, ya ajiye a tabarma tsakaninsu, ya janye hannu kamar ya taɓa garwashi.

"Ina sauka tasha mai saidawa ya gane ni. Ban tambaya ba. Ya sa mani a hannu, ya ce barka da arziki." Muryarsa ta yi ƙasa. "Biyu ne. Tun daga tasha nike kokawa da su. Ban iya yardawa, ban kuma sha ba. Ki ɗauke. Ki jefa masai."

Ta ɗauka ta dunƙule a hannu. Ba nauyi ko kaɗan.

Ya miƙe. A bakin ƙofa ya tsaya, ya juyo rabi. "In dawo Lahadi? Ba lalle in yi magana ba."

"Ka dawo," ta ce.

Ruwan na nan yadda ta kawo shi.

Tana shiga Inna ta tare ta. "Babanki na tambaya. Gobe mutane na tahe, an sayi goro. Mi za a ce masu?"

"Inna, ki ce ma Baba wanga baƙo ne. Yau ya fara zuwa. Ba a sa rana da zuwan fari."

"Baƙo? Shekara guda shina cinye mana tabarma!"

"Wancan ne. Wancan Baba ya ce bai son shi. Wanga kuma ni ban san shi ba tukuna."

Inna ta riƙe haɓa, ta dube ta sama da ƙasa, ta tafi shago. Keken ya tsaya. Aka ji muryar Malam Ummaru ta tashi, ta yi maganar goro, ta yi maganar mutunci, ta yi maganar 'ya'yan zamani da aka kai makaranta. Can ta sauka. Inna ta dawo tana huci. "Kwana arba'in. Ya ce ko mai jego iyakarta ke nan. Ranar arba'in da ɗaya ko ki ce e, ko ki ce a'a, ba to."

Lantana ta ɗauki buta ta zaga bayan gida. Rana ta yi sanyi, kaji na neman wurin kwana. Ta tsaya bakin masai ta warware takardar. Ƙanana ne, ba su kai ƙwayar wake ba. Ta miƙa hannu saitin ramin.

Abin da ya rage ta buɗe yatsu.

Sai wani tunani ya shigo mata, ba sallama. Mutumin da take kewa, wanda ta yi sati bakwai tana nema a asibiti da cikin rikoda, bai mutu ba. Ga shi a tafin hannunta. Sau biyu. Awa guda, awa guda. Ko sallama ba su yi ba.

"A'uzu billahi," ta ce a fili. Ta sake cewa. Ta tuna gonar gero, ta tuna gumin da ya gangaro ta gefen kunnensa, ta tuna hannuwan da ya danne a gwiwa.

Yatsun ba su buɗe ba.

Ta mayar da takardar ta murɗe, ta ƙulle a bakin zane. A ɗaki ta ɗaga murfin samirar da ke can ƙasan jere, wadda ba a taɓawa sai ranar biki, ta saka, ta rufe, ta mayar da sauran a kai ɗaya bayan ɗaya. Ta gaya wa kanta gobe za ta jefa. Juma'a ta zo ta wuce. Asabar ma.

Lahadi bayan La'asar aka yi sallama a zaure. Kuma ita ce mai kai ruwa.